Wace Taswira Ta Cancanci Kuɗin Mutumin Tasawa?

Daga cikin abubuwan da ma'abota wadata na Turai da Amurka suke zuba dukiya a kansu, bayan dawakin sukuwa da zanen hannun magabatansu, akwai tsofaffin taswirori, waɗanda ake gwanjonsu a Landan da Paris da Amsterdam, har sana'ar ta kafu da dillalanta da ƙa'idodinta, kai har da ɓarayinta. Ya isa misali a ce a shekarar 2003 babban ɗakin littattafai na majalisar dokokin Amurka ya kammala biyan dalar Amurka miliyan 10 a kan taswira guda da aka buga a 1507, ba don komai ba sai don ita ce ta fara ɗaukar sunan nahiyarsu. To, wannan sha'awa ta fara leƙo mu, domin a yau ɗan kasuwar Maraɗi, ko ɗan bokon Tasawa da neman abinci ya kai shi Turai, yana iya shiga intanet da dare, ya ga takarda mai shekara 400 wadda aka rubuta Kano da Katsina da Gobir a jikinta, zuciyarsa ta motsa, ya aika da kuɗi, a sa masa ita cikin gilashi ya rataye a falo. Ban ga laifinsa ba, domin wanda ya kashe kuɗinsa a kan takardar ilmi ya fi wanda ya watsa su a filin biki. Sai dai ra'ayina shi ne, takardar da kasuwar Nasara ta fi yi wa tsada ita ce mafi ƙarancin amfani ga mutumin Tasawa da Mayahi, wadda kuwa suka raina suke sayarwa da araha, mai datti, mai ninki, marar ado, a cikinta ne aka rubuta rijiyoyinmu da tabkunanmu da hanyar da ruwanmu yake bi.

Malamanmu na hadisi, Allah ya saka musu da alheri, sun bar mana wani mizani wanda amfaninsa ya zarce fagen da aka ƙirƙire shi dominsa: ba a karɓar matani sai an binciki isnadi, a san wa ya ji daga wa, a san ko mai riwaya ya riski wanda yake cewa ya ɗauka daga gare shi, a san ko adali ne, a kuma san ko mai kiyayewa ne ko mai rafkana. Taswira ma riwaya ce, illa dai da layi aka yi ta maimakon lafazi, kuma duk mai niyyar sa kuɗinsa a kanta ya wajaba ya yi mata tambayar da ake yi wa kowace riwaya, wato wa ya ga wannan kogi da idonsa, wa ya sha daga wannan rijiya, kuma ta hannun mutum nawa labarin ya bi kafin ya iso ga wanda ya sassaƙa shi a farantin jan ƙarfe.

Idan aka ɗora taswirori masu tsada a kan wannan mizani, sai a ga isnadinsu yankakke ne tun daga tushe. Sharif al-Idrisi, wanda ya kammala littafinsa Nuzhatul Mushtaƙ a fadar sarkin Siƙilliya a shekarar 1154, babban malami ne la shakka, amma bai taɓa taka ƙasashen baƙar fata ba, daga bakin matafiya da littattafan magabata ya ɗauka, shi ya sa ya fito da wani kogi daga tushe guda da Nilun Masar, ya kora shi yamma har teku. Bayansa da ƙarni huɗu aka buga littafin Hasan al-Wazzan a birnin Benis a 1550, shi ne mutumin Fas ɗin nan da Nasara suka kama a teku suka kai wa Fafaroma, kuma daga wannan littafi Turawa suka fara jin sunayen Gobir da Agadas da Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara, alhali har yau masana tarihi suna saɓani a kan ko ya shigo ƙasar Hausa da ƙafarsa ko kuwa labarinta ya ji. Shi ma ya ce kogin nan, wato Kwara, yamma yake yi. Da masu buga taswira na Antwerp da Amsterdam suka sami waɗannan sunaye, irin su Ortelius a 1570 da gidan Blaeu a ƙarnin da ya biyo, sai suka jera su a gefen wani dogon kogi da ya taso daga tabki, ya nutse ƙarƙashin ƙasa, ya sake ɓullowa, ya je ya zuba a teku ta bakin Senegal da Gambiya, suka cike sauran filin da giwaye da jiminu da jiragen ruwa masu filafilai, kowa yana kwafa daga na gabansa, babu ɗaya a cikinsu da ya taɓa jin ƙurar hunturu a maƙogwaronsa. Waɗannan su ne ake rubibinsu a gwanjo. Suna da kyau ga ido, ban musa ba, kuma suna koya mana yadda wasu suka yi zaton mu, amma mai neman Tasawa ko Gulbin Kaba a cikinsu zai gaji da duba. Ko bayan da Bafaranshen nan d'Anville ya yi ta maza a 1749 ya share duk abin da ba shi da hujja a kansa ya bar tsakiyar Afirka fari, ƙarya ba ta ƙare ba, domin a 1798 wani masani a Ingila ya zana jerin duwatsu da ya kira duwatsun Kong, ya gitta su a Afirka ta Yamma, aka yi kusan shekara 90 ana kwafarsu daga taswira zuwa taswira, sai da wani matafiyi mai suna Binger ya bi ƙasar tsakanin 1887 da 1889 ya tarar babu su.

Akwai taswira guda ta ɗan ƙasa da ya kamata mai tarawa ya sani, ko da yake mu jikokin waɗanda suka ƙi bin Sakkwato ne, kuma kakanninmu da mai ita ba sa ga maciji. A 1824 Clapperton ya sauka a wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya tambaye shi inda Kwara take zuba. Baturen ya ba da labari cewa Bello ya zana masa kogin a ƙasa ya nuna yana shiga teku, amma taswirar da aka ba shi a takarda, wadda aka buga cikin littafin tafiyar a Landan a 1826, ta karkatar da kogin gabas, da rubutun Larabci mai cewa shi ne yake kaiwa Masar. Wasu masana suna ganin da gangan aka yi haka, domin mai mulki da ya ji labarin abin da Ingilishi suka yi a Hindu ba zai shimfiɗa musu hanyar ruwa zuwa ƙofarsa ba. Idan haka ne, to, ga darasi ga mai saye: mai riwaya yana iya zama masani kuma ya ɓoye, kuma ɓoyewar tasa ita kanta tarihi ce. Shekara shida bayan wannan ziyara ƴan'uwan nan biyu, su Lander, suka bi kogin a kwalekwale har bakin teku, gardama ta mutu.

Tasawa ba ta zauna daram a takardar Nasara ba sai da wani ya zo ya kwana a cikinta. A watan Janairu na 1851 ayarin gishirin Abzin ya sauko Damargu da Turawa uku a cikinsa, a nan suka rabu: Richardson ya nufi Damagaram, bai kuwa kai Kukawa ba ajali ya riske shi, Overweg da Barth suka iso Tasawa, daga nan na farko ya yi yamma zuwa Maraɗi da Gobir, na biyun, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim, ya bi ta Gazawa ya ratsa dajin da ke tsakaninmu da Katsina, wanda a zamanin nan ba a shigarsa sai da shiri saboda yaƙin da ke tsakanin Haɓe da Fulani. Kayan aikinsa kamfas ne mai nuna alƙibla da agogo da littafin aljihu. Yana tafe a kan raƙumi yana rubuta inda hanya ta karkata, da tsawon lokacin da aka yi daga zango zuwa zango, da inda aka sami rijiya, da inda goruba ta fara yawa, da inda gonakin hatsi suka ƙare daji ya soma. Inda ƙafarsa ba ta kai ba kuwa, sai ya zaunar da madugai da fatake da alhazai ya yi ta yi musu tambaya, kwana nawa daga gari kaza zuwa gari kaza, ina ake shan ruwa. Daga waɗannan rubuce-rubuce wani masanin taswira mai suna Petermann ya tsara taswirorin da suka fito cikin mujalladi 5 na littafin tafiyar a 1857 da 1858. Wannan isnadi ne da za a iya bi, kuma idan aka bi shi zuwa ƙarshe, a kan mutanenmu yake tsayawa, su ne suka san hanya, Bature ya riƙe alƙalami. Overweg, wanda shi ne ya ga Gulbin Maraɗi da idonsa, ya rasu a bakin tabkin Cadi a 1852 bai kai ga tsara labarin tafiyarsa ba, wannan kuwa hasara ce da ta fi shafar mu bisa kowa.

Amma babin da ya fi nuna cewa tarihin taswirar ƙasar nan tarihin ruwa ne, shi ne na iyaka. A ranar 14 ga Yuni 1898 wakilan Ingila da Faransa suka zauna a Paris, suka ɗora tsinin abin zana da'ira a kan Sakkwato, suka zaga da baka mai nisan mil 100, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne, sannan suka ci gaba da miƙaƙƙun layuka zuwa Cadi, da haka Maraɗi da Tsibiri suka faɗa rabon Ingilishi. A kan tebur abin ya yi tsaf. Da Faransawa suka zo bin rabonsu da ƙafa, daga Kwara zuwa Damagaram, sai suka tarar an bar su da hanyar da ta zaga ta arewa, inda ayari yake kwanaki bai ga rijiyar kirki ba. Rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine, wadda ta tsallaka layin ta bi ta garuruwa masu ruwa da rumbuna, ta ƙone Birnin Ƙonni ta yi ta kisa har ta iso ƙasarmu, a nan wajen Maijirgi ta wargaje a watan Yuli na 1899, kaburburan shugabanninta suna nan har yau a gefen hanyar Damagaram. Ƙishirwa ba uzuri ba ce ga abin da suka aikata, na kawo su ne kawai don a ga irin abin da ya biyo bayan layin da aka ja a kan ƙasar da ba a sani ba. Faransa ta yi ta ƙorafi har aka sake zama, kuma a yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904 aka saukar da iyakar kudu domin ta sami hanya mai ruwa, aka kuma rubuta sunan Tasawa da Maraɗi da Damagaram ƙarara, cewa jama'ar da ke ƙarƙashinsu a bar su a hannun Faransa gwargwadon iko. Abin da Faransa ta bayar a madadi, mai karatu zai yi mamaki, shi ne wani tsohon haƙƙi da masuntanta suke da shi a gaɓar tsibirin Niyufawunlan, can kusa da Kanada. Wato kifin wani teku mai ƙanƙara, wanda babu Batasaye ko ɗaya da ya taɓa jin sunansa, yana cikin dalilan da suka sa yau ɗan Maraɗi yake karatu da Faransanci ɗan'uwansa na Jibiya yake yi da Ingilishi.

Bayan an ƙara gyara layin a 1906, aka turo Kyaftin Tilho ta wajen Faransa da Manjo O'Shee ta wajen Ingila, suka bi ƙasar tsakanin 1906 da 1908 suna awo da taurari, suka kafa alamomi 148 daga Kwara zuwa Cadi. Tare da Tilho akwai tafinta mai suna Landeroin, wanda ya ji Hausa har ya rubuta nahawunta da ƙamusunta, shi ne ya zauna da dattawan fadodin ƙasar nan ya ɗauki tarihin sarautunsu, aka buga shi cikin littattafan wannan tawaga da suka fara fitowa a 1910. Taswirorin Tilho, da ƴan zane-zanen rangadi da kwamandojin Tasawa suka riƙa yi a zamanin da garin nan ne mazaunin mulkin yankin, kafin a mai da shi Maraɗi a ƙarshen shekarun 1920, su ne farkon abin da nake cewa a nema. Ba su da giwa, ba su da zinariya a gefe. Mai zana su soja ne da ke tsoron ƙishirwa da tawaye, yana kuma neman wanda zai biya haraji, saboda haka ya ƙidaya rijiyoyi da tabkuna da ƙauyuka da kulawar da mai ado ba zai taɓa yi ba. Muguwar niyya a wannan karo ta haifi kyakkyawar kiyayewa.

Na biyunsu kuwa su ne ganyayyakin da hukumar taswira ta Faransa ta fitar bayan jirage sun ɗauki hoton ƙasar daga sama a shekarun 1950, masu ma'aunin 1 bisa 200,000, wato santimita guda a takarda kilomita 2 ne a ƙasa. Dillalin Paris ba ya ma ɗaukar su a matsayin kayan tarihi, a cikin tarkace yake zuba su. A gare mu kuwa su ne siffar ƙasar nan kafin farin 1973 da na 1984, kafin jama'a ta ninka ta sake ninkawa, lokacin da tsakanin gari da gari akwai daji da saura. Mai son ya gane ƙimarsu ya dubi Gulbin Kaba, wanda ya shigo daga Najeriya ta kudu, ya bi ta ƙasar Gazawa, ya haura arewa har Mayahi, sannan ya karkata yamma ya nufi Gobir. Yaro ɗan lakwal da aka haifa a bakinsa yana iya tambaya, ina gulbin yake, domin a yawancin tsawonsa ba ya gudu, kwari ne mai faɗi da yashi ya cike, sai tabkuna da damina ta bari nan da can, da ruwan da ke kusa a ƙarƙashin ƙasa, da kurmin goruba wanda daga kabarsa matan yankin suke saƙa tabarmi da igiyoyi da faifai, suna rufa wa gidajensu asiri da shi. Ina kurmin nan ya tsaya shekara 70 da suka wuce, ina ya tsaya yau? Wane tabki ne ya cike aka noma shi, wace mashaya ce gona ta haɗiye, wane burtali ne ya tsuke har garke ba ya wucewa sai ya taɓa shuka? Dattawa suna faɗa, matasa suna cewa tsufa ne yake sa kowa ya ga jiya ta fi yau. Takarda ita ce za ta raba gardama, domin ba ta da gona a wurin. Haka kuma ruwa ba ya mance hanyarsa ko da mutane sun mance: a 1945 Gulbin Maraɗi ya cinye tsohon birnin har aka tayar da shi aka mai da shi kan tudu, kuma duk da madatsar da aka gina a Jibiya ta sauya yadda ruwansa yake isowa, kowace damina mai ƙarfi sai mun ji unguwannin da suka rushe a garuruwanmu, idan an bincika a tarar an yanka filayensu ne a tsohuwar magudana wadda tsohuwar taswira ta nuna da shuɗin layi.

Na san abin da mai hankali zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce, kana so ka tono takardun da za su tayar da husuma; wani zai ɗauko zanen kwamanda ya ce ga shi ƙauyen kaza ƙarƙashin kakansa yake, wani ya ce gonar da aka gada kaka da kakanni burtali ce, alhali kuwa fitina tana barci. Zai ƙara da cewa mai zanen azzalumi ne, ya ji sunayen garuruwanmu da kunnen da bai saba ba ya rubuta su a karkace, ya ɗauki maganar sarkin da ya yi masa biyayya ya bar ta wanda ya guje masa, ya kuma zo da rani ya ce babu tabki inda da ya zo da damina sai ya nemi kwalekwale. Duk wannan haka yake. Amsata ita ce, fitinar ƙasa ba barci take yi ba. Wanda ya tuna abin da ya auku a Toda a 1991, inda mutum fiye da 100 suka halaka a rikicin manoma da makiyaya, ya san rashin hujja ba ya hana faɗa, sai dai ya bar mai ƙarfi ya zama shi ne hujja. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa da muke kira Kofo domin su tantance gonaki da burtaloli da mashaya, kuma mai tantancewa yana bukatar shaidu iri-iri. Taswira shaida ce guda a cikinsu, alƙalanci ba nata ba ne. Kotun duniya da ke Heg, wadda ta yanke shari'ar tsibirin Lete tsakaninmu da Benin a 2005 da ta iyakarmu da Burkina Faso a 2013, inda aka yi ta shimfiɗa irin waɗannan ganyayyaki na Faransa a gaban alƙalai, ta daɗe da kafa ƙa'ida cewa taswira ita kaɗai ba ta mallaka wa kowa ƙasa, bayani ce da ake aunawa tare da sauran hujjoji. Wannan kuwa daidai yake da abin da kowane ɗalibin Risala ya sani a babin shaida: ana sauraron mai shaida, ana kuma binciken adalcinsa da abin da zai ƙaru da shi.

Ga wanda ya ƙudura zai saya, akwai abubuwan da jahiltarsu takan jawo asara. Takardar da aka yi kafin ƙarni na 19 da hannu aka yi ta, idan aka ɗaga ta ga haske ana ganin siraran layuka a jikinta da tambarin masana'anta, kuma wannan ba baƙon ilmi ba ne ga malamanmu, waɗanda suka san takarda mai jinjirin wata uku da ake kawowa daga Italiya ta Tarabulus ana rubuta Alƙur'ani a kanta. Bugun farantin jan ƙarfe yana barin ɗan lotsawa a kewayen zanen wanda yatsa yake ji, yawanci kuma akwai ninki a tsakiya inda aka ɗinke ta cikin littafi. Ta zamani da aka kwaikwaya aka jiƙa da ruwan shayi don ta yi kamar ta tsufa, idan aka duba da madubi mai ƙara girma sai a ga launinta ɗigo-ɗigo ne. Waɗanda nake kwaɗaitarwa a kansu ba su cika samun ƴan jabu ba, domin ba su kai kuɗin da za a yi wahala dominsu ba. Sau da yawa akan same su an yanka su gida-gida an manna a kan ƙyalle don su shiga aljihun mai rangadi. Idan an ga rubutun fensir a jikinsu, inda wani ya gyara sunan ƙauye ko ya rubuta zurfin rijiya ko ya ce ta ƙafe a shekara kaza, dillali zai rage kuɗi yana ganin aibi ne, mai saye kuwa ya yi hamdala ya biya da sauri. A guji sayen ganye guda da aka yanko daga littafi, irin na Barth, domin kowane mai saye yana ƙarfafa mai wuƙa ya ɓarke wani littafin. A haɗa kuɗi a sayi mujalladin ɗungum, zane da sharhinsa. A kuma tambayi mai sayarwa daga ina ta fito. A 2005 aka kama wani shahararren dillali a ɗakin littattafan jami'ar Yale bayan an tsinci rezarsa a ƙasa, daga baya ya amsa cewa ya saci taswirori 97. Takardar da ke ɗauke da hatimin gidan ajiyar tarihi na Yamai ko Dakar ko Kaduna, ko an kankare hatimin ya bar tabo, kayan sata ce, sayenta haramun ne ko da niyyar mai da ita gida.

Kafin ma a kai ga dillali, akwai hanyoyi biyu da ba sa cin kuɗi. Babban ɗakin littattafai na Faransa ya ɗora ɗimbin tsofaffin taswirori a shafinsa na Gallica, kowa yana iya saukewa kyauta ya kai a buga masa a babbar takarda a Maraɗi, kuma ga mai neman ilmi hoto mai kyau yana biyan bukata. Ɗayar hanyar kuwa cikin gidajenmu take: akwatunan tsofaffin ma'aikatan gona da na daji da na dabbobi da na haƙar rijiyoyi, waɗanda suka yi ritaya da kayan aikinsu, suka rasu, magada suka raba tufafi suka bar takardu ga gara. Nawa ne daga cikinsu aka ƙunsa ƙosai da su, Allah kaɗai ya sani.

Saura maganar inda za a ajiye, wadda a ganina ta fi maganar saye. Taswirar da aka rataye a falo rana tana cin launinta, baƙi suna yabawa, yara ba sa taɓawa, ran da mai gida ya kwanta dama kuwa ta shiga rabon gado a matsayin gilashi da katako. Shari'a ta ba mu hubusi, wanda da shi aka tsare littattafan malamai ƙarni bayan ƙarni, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gada. Attajirin da ya gina masallaci ya haƙa rijiya, ya sani cewa tsare sanin inda rijiyoyi suke shi ma yana cikin ilmi mai amfani. A sami ɗaki guda mai rufin da ba ya yoyo, ko a inuwar fadar Mai Martaba Sarkin Tasawa ko a hannun jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, a sa akwatunan ƙarfe masu faɗi waɗanda aka ɗaga daga ƙasa, a shimfiɗa takardun a kwance, kada a naɗe, kada a liƙa musu salatif, kada kuma a kai su a narka musu leda, domin wannan gyara ne da ba a warware shi. Asali ya zauna a nan. Kofe kuwa a buga da yawa a fita da shi, a shimfiɗa a kan tabarma a Kanambakashe da Urafan da Korgom da Sarkin Hausa, a kira sarkin noma da rugga da masu haƙar rijiya da tsofaffin mata masu yankan kaba, malamin lakwal ya riƙa karanta sunayen da Bature ya karkata su kuwa suna miƙe su, suna cewa wannan tabki ba haka ake kiransa ba, wannan ƙauye ya tashi a shekarar yunwa kaza ya koma wuri kaza, wannan rijiya wane ne ya haƙa ta. A rubuta abin da suka faɗa a gefen kofen da boko da ajami, da sunan mai faɗa da ranar da ya faɗa, a bar kofe guda a hannun Kofo na Tasawa, guda a na Mayahi, guda a makarantar garin. Wanda zai yi hubusin kuma kada ya tsaya ga takardu da akwati. Ya haɗa da wani shago ko gona da za a riƙa biyan mai tsaron ɗakin daga kuɗin hayarsu, da maganin gara sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta.